Kuɗin Fita: Neman Saki ga Mace Marar Hali a Cikin Alhaki Kuykuyo Ne

Gabatarwa

Manazarta da dama sun yi rubutu a kan littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu mai suna Alhaki Kuykuyo Ne tun bayan fitowarsa a 1990, kuma galibinsu sun tsaya ne a kan jigon kishi da wulaƙancin da wasu maza ke yi wa matansu, ko kuwa a kan sakayyar da sunan littafin ya yi wa mai karatu alkawari tun daga bango. Ba na musun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da nake so in duba a wannan maƙala wata 'yar tambaya ce da ta daɗe tana yi mini yawo a zuci duk lokacin da na koyar da littafin, watau me ya sa Rabi, wadda ta shafe shekaru tana ganin tasku a gidan Alhaji Abdu, ba ita ta fara neman rabuwa ba? Me ya sa sai da ta zauna aka kore ta?

Na taɓa jefa wannan tambaya ga ɗaliban da nake koya wa ƙagaggun labarai a ajin digiri na biyu. Mazan cikinsu suka yi ta kawo amsoshin da aka saba ji. Wannan ya ce haƙuri ne irin na matan da, wancan ya ce tarbiyya ce, wani kuma ya ce ai marubuciyar ce take so ta nuna mana mace tagari don mu ƙara jin zafin abin da aka yi mata. Can sai wata ɗaliba wadda ta girme wa sauran ta ce, "Malam, ta nemi saki da wane kuɗin?" Ajin ya yi dariya, ni ma na yi. Amma da na koma gida na sake buɗe littafin, sai na ga ashe ita ce ta karanta shi, mu sauran labarin kurum muka bi.

Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, littafin ya ginu ne a kan wata gaskiya da adabinmu bai cika son tsayawa a kanta ba: fita daga aure tana da farashi, kuma mace ce ke biya. In ba ta da abin biya wani ya biya mata, to wanda ya biya ɗin shi ke riƙe da mabuɗin ƙofar daga baya. Zan kuma faɗi inda nake ganin marubuciyar ta yi wa kanta sauƙi.

Labarin da mai shi

Don amfanin wanda ya daɗe bai karanta ba, ga labarin a gurguje. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne a Kano, yana da rufin asiri daidai gwargwado, amma abin da yake ba matarsa Rabi na cefane ba ya isar ta da 'ya'yansu tara, alhali shi yana kashe wa kansa da matan waje abin da ya ga dama. Ya auro Delu, wadda ta fito daga zaman kanta, rikici ya ɓarke tsakanin matan biyu, ya goyi bayan amarya, ya saki Rabi, ta fita da 'ya'yanta. Ta kama sana'ar sayar da abinci ta riƙe su. 'Yarta Saudatu ta auri wani attajiri, Alhaji Abubakar. Shi kuwa Alhaji Abdu gobarar kasuwa ta cinye dukiyarsa, zamansa da Delu ya watse, ya dawo yana neman Rabi. Mazan da ke kewaye da ita, har da surukin nata, suka taru suka matsa mata sai da ta yarda.

Wannan ƙashin labari ba sabo ba ne. Wanda ya san wasan Shu'aibu Maƙarfi, Jatau Na Kyallu, wanda aka buga a 1970, zai gane attajirin da ya ruɗe a kan karuwa har ya rasa gida da dukiya. Bambancin yana ga inda marubuci ya ajiye idonsa. A wancan tsohon zubi, uwargidan da aka wulaƙanta hujja ce kawai ta nuna wautar maigida, da zarar ta fita daga gidan ta kusan fita daga labarin. Balaraba sai ta bi wadda aka kora ta ga inda za ta kwana da abin da za ta ci. Ba abin mamaki ba ne. An haife ta a Kano a 1959, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tun ba ta wuce shekara 13 ba, auren bai daɗe ba ya mutu, kuma a ajin karatun manya ta ƙarasa koyon abin da aka katse mata. Ta sha bayyana wannan da bakinta. Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987, shi kuwa wannan da muke magana a kai an yi fim ɗinsa a 1998, sa'an nan Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012.

Lissafin cefane

Abin da ya fi ƙarfi a littafin, a ganina, shi ne yadda aka gina halin Alhaji Abdu da kuɗi maimakon da dogon bayani. Ba a buƙatar a ce mana azzalumi ne. An nuna mana abin da yake ajiyewa na cefane, an nuna mana yawan bakunan da za su ci, an bar mu mu yi lissafi. Duk macen da ta taɓa riƙe gida a ƙarshen shekarun 1980 ta san wannan lissafi, domin lokacin ne shirin gyaran tattalin arziki da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shi a 1986 ya karya darajar naira, kuɗin cefanen jiya ya daina sayen cefanen yau, maigida kuwa yana iya yin kamar bai lura ba. Giɓin da ke tsakanin abin da aka bayar da abin da tukunya ke nema, matar gida ke cike shi da 'yar sana'arta ta cikin gida da adashi da taimakon 'yan'uwa.

To, a nan ne amsar tambayarmu ta fara fitowa. Macen da duk abin da ta samu yake tafiya cikin tukunyar mijinta ba ta iya tara komai. Sana'ar matan kulle a al'adance dukiyar mace ce, miji ba shi da iko a kanta, kuma ita ce ajiyar da mace ke dogara da ita in zama ya ƙi: da ita take sayen kwanuka da tasoshin da za ta jera wa 'yarta, da ita take biki, da ita kuma take samun ƙarfin halin yin yaji. Mijin da ya ƙi ciyarwa ya ci riba biyu ke nan. Ya tsira da kuɗinsa, sa'an nan ya cinye ajiyar da za ta iya barinsa da ita. Ko Alhaji Abdu ya shirya haka ko bai shirya ba, rowarsa ita ce igiyar da ta ɗaure Rabi a gidansa.

Wani zai ce ai abin da ke hana mace neman saki shi ne mayar da sadaki. Bari mu gwada wannan a kan Rabi. In mun ɗauka labarin yana faruwa ne a zamanin da aka rubuta shi, macen da take da 'ya'ya tara har da budurwar da ta isa aure, an ɗaura nata auren ne wajen ƙarshen shekarun 1960, tun ana ciniki da fam da sule, kafin naira ta zo a 1973. Sadakin wancan lokaci, in aka mayar da shi naira a 1990, bai fi abin da mai sayar da abinci za ta haɗa cikin ɗan lokaci ba. Ashe ba sadaki ne ya tsare ta ba. Kuɗin fitar da Rabi ba ta da shi ya fi sadaki nauyi nesa, domin ya haɗa da ɗakin da za ta shiga da mutum tara, da abin da za su ci daga ranar farko, da kuɗin makarantarsu. Hausawa kan ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, amma ba su ce gaskiya tana cika shi ba.

Ƙofofin da shari'a ta buɗe

Ya kamata a nan mu ɗan fita daga littafin mu duba abin da shari'ar da Rabi ke ƙarƙashinta ta tanada, domin sai mun san ƙofofin da ke akwai za mu iya auna shirun da labarin ya yi a kansu.

Namiji yana saki da kalma ko da 'yar takarda, ba ya zuwa gaban kowa, ba ya biyan ko kwabo kafin ta tabbata. Mace kuwa hanyar da kowa ya sani ita ce hul'i, watau ta fanshi kanta da wani abu da za ta ba mijin. Asalinsa yana cikin aya ta 229 ta Suratul Baƙara, da kuma hadisin matar Sabitu ɗan Ƙaisu wadda aka umarta ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke bi ta hanyar littattafai irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Halilu da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, ana iya yin hul'i a kan daidai sadaki, ko ƙasa da shi, ko sama da shi. Wannan sassauci shi ne ya zama tarko a hannun al'ada. Mijin da ba ya son sakin, ko yake son ya huce haushi, sai ya jero lefe da kayan na-gani-ina-so da kuɗin gaisuwar iyaye da toshin salla, har da abin da ya kashe ran suna. Na taɓa zama a wata kotu ina jiran wani al'amari na dabam, na ji wani magidanci yana lissafa wa alƙali kuɗin maganin da ya saya wa matarsa lokacin da take da cikin ɗansa. Alƙalin bai karɓa ba, amma matar ta riga ta sunkuyar da kai kamar wadda ake bi bashi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Malikiyya ta yarda a yi hul'i a kan mace ta ɗauke wa miji ciyar da jaririn da take shayarwa, ko ta sarayar da hadana, watau haƙƙinta na riƙon 'ya'ya. Ma'anar wannan a aikace ita ce, macen da ba ta da kuɗi tana iya biyan kuɗin fitarta da 'ya'yanta. Ga mai 'ya'ya tara wannan ba ciniki ba ne da za ta ko saurara.

Amma hul'i ba shi kaɗai ba ne. Mazhabar nan tamu ta fi wasu mazhabobi buɗe wa mace hanyar da ba ta biyan komai. In miji ya kasa ciyarwa ko ya ƙi, tana iya kai ƙara, alƙali ya yanka masa abin da zai riƙa bayarwa gwargwadon halinsa, ya ba shi wa'adi, in bai cika ba a raba auren. In cuta ce, kamar duka ko zagi ko ƙauracewa, kuma ta tabbata, alƙali yana sakin ta ko mijin bai so ba, kuma malamai sun karɓi shaidar abin da ya bazu a bakin maƙwabta a kan irin wannan. In an kasa gane mai laifi, sai a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga nata, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta nuna, kuma a Malikiyya suna da ikon rabawa. Har ma an ce macen da ta biya hul'i, daga baya ta tabbatar da cewa cuta ce ta sa ta biya, tana da damar karɓo abinta. Bayan saki kuma hadana tana hannun uwa, ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace har ta tare a gidan miji, ciyar da su kuwa yana kan uba muddin yana da hali.

Kotun ma da za a kai ƙarar ba mai tsada ba ce in an gwada ta da wata. Wanda ya yi auren rajista, dokar aure da saki ta 1970 ta ɗora shi a kan babbar kotu, inda da wuya a yi ba lauya da tarin takardu. Kotunan alƙalai kuwa, waɗanda aka karɓe daga hannun En'e aka mayar da su kotunan yanki a 1968, sa'an nan aka sake musu fasali a Kano da wasu jihohi bayan ƙaddamar da shari'a a 2000, mace tana shiga da ƙafarta ta faɗi damuwarta da Hausa, a rubuta, a aika wa miji sammaci.

Ke nan a takarda Rabi tana da ƙara mai ƙarfi. Mijinta yana da hali, ba ya ciyarwa yadda ya kamata, unguwa ta sani. Bayan ya sake ta ma, abincin 'ya'ya tara da ta ɗauka a kanta bashi ne a wuyansa. Duk da haka labarin bai bi ta zauren alƙali ba wajen warware matsalarta. Ya bi ta murhu, ya bi ta auren Saudatu, ya bi ta gobara.

Da farko na ɗauki wannan a matsayin rauni, na ce marubuciyar da ta san ciwon mata haka ta bar damar nuna musu haƙƙinsu. Yanzu na sassauta wannan hukunci, ko da yake ban janye shi duka ba. Dalili kuwa, kuɗin sammaci shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da kai ƙara ke ci. Macen da ke cikin kulle, da izinin wa za ta fita ta kai ƙarar wanda ke ba da izinin? Ranar da sammaci ya iske shi a kasuwa a gaban abokan cinikinsa, a ina za ta kwana? Shaidun da za ta kira maƙwabtansa ne, da shi suke sahu a masallaci, wasunsu ma suna cin bashi a rumfarsa. In an ɗaga zama sau uku, kuɗin mota sau uku ne, kuma kwana uku ne ba ta ɗora tukunyar sana'a ba. A kan duk wannan ga maganar da za ta bi 'ya'yanta mata, cewa uwarsu ce ta kai ubansu kotu, alhali Saudatu tana bakin aure. Marubuciyar da ta sa Rabi ta yi shiru ba ta jahilci halin matan Kano ba. Abin da nake riƙe da shi a kanta kawai shi ne, da ta sa ko da mutum ɗaya a cikin labarin ya tsaya tsayin daka a kan wannan hanya, aka nuna mana yadda ake toshe ta, da mai karatu ya san cewa ƙofa ce aka rufe, bai ɗauka bango ne tun asali ba.

Wanda ya biya

A al'adar da, matsalar kuɗin fita tana da magani sananne. Mace ta yi yaji, a yi biko ta ƙi komawa, magana ta je gaban alƙali, a yanka abin da za a mayar wa miji, sai wanda ke son aurenta in ta gama idda ya biya ta bayan fage, ko iyayenta su biya su jira sadakin gaba ya cike musu. Wanda ya karanta tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 aka buga a 1954, zai ga yadda kashe aure yake abu ne na yau da kullum a bakin matan wancan zamani. Baba ta yi aure huɗu, kuma akwai waɗanda ita ta nemi fita daga cikinsu. Sai dai a lura da abu biyu. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, saboda haka in ta tashi ita kaɗai ce da kayanta. Sa'an nan kuma irin wannan fita, daga ɗaki ne zuwa ɗaki. Bazawarin da ya biya bai sayo mata 'yanci ba, ya sayo wa kansa mata ne.

Rabi ba ta da wannan hanya, don ba kowane bazawari ke neman mai 'ya'ya tara ba. Abin da Balaraba ta yi, wanda a ganina shi ne sabon abu a ƙagaggen labarin Hausa na lokacin, shi ne ta sa ta biya wa kanta bayan an riga an kore ta. Babin da Rabi ke sayar da abinci su ne zuciyar littafin. A cikinsu ne muka ga cewa aikin da ta yi shekara da shekaru kyauta a gidan miji, ana raina shi, yana da farashi a waje, har yana iya riƙe gida. Girkin bai canja ba, hannun bai canja ba, wanda ke karɓar amfanin ne ya canja. Da littafin ya tsaya a kan wannan turba, da ya zama labarin yadda mace marar jari ke gina zawarcinta da kanta.

Amma bai tsaya ba, kuma a nan ne nake ganin marubuciyar ta yi wa kanta sauƙi. Shigowar Alhaji Abubakar ta ɗauke kaso mai yawa na littafin, ta mayar da shi labarin neman aure da kayan alatu irin wanda masu karatun littattafan soyayya na Kano suke so a lokacin. Attajiri ya ga yarinya mai tarbiyya, ya aure ta, alherinsa ya kai har gidan surukarsa. Lissafin nan mai tsauri da aka fara da shi sai ya saki, domin an shigo da aljihun da ba ya ƙarewa. Haka nan gobara. Gobarar kasuwa ba baƙon abu ba ce a Kano, ba wanda zai ce an ƙago abin da ba ya faruwa, amma a tsarin labari aikinta shi ne ta hukunta Alhaji Abdu ba tare da wani mahaluki ya tuhume shi ba. Haƙƙin da ya kamata alƙali ko dangi su karɓar wa Rabi tun tana cikin wahala, an bar wa ƙaddara ta karɓa, kuma ƙaddara ba ta ba Rabi ko sisi daga abin da ya ƙone ba. Karin maganar da aka sa wa littafin suna tana faranta rai, amma kwikwiyon da ya bi ubangidansa bai ciyar da yaran da aka bari ba.

Duk da haka, ba zan ce auren Saudatu ɓata takarda ba ne, domin ƙarshen littafin ya dawo ya ba shi wata ma'ana da ban tabbata masu karatu na farko sun so ta ba. Surukin da ya yi alheri yana cikin waɗanda suka sa baki a mayar da Rabi. Ba mugu ba ne, kuma ba a nuna shi a mugu ba. Mutum ne mai mutunci wanda ba zai ji daɗi a ce uban matarsa yana gararamba a gari ba. Amma yaya Rabi za ta dubi idon wanda ya rufa wa 'yarta asiri, ya kyautata mata, ta ce masa a'a? A shari'a bazawara ita ke da ikon kanta, ba a ɗaura mata aure sai ta furta yarda da bakinta. A zahiri kuwa alherin da ta karɓa ya zama bashin da ba a rubuta ba, ranar biya kuma ta zo. Tsohuwar ƙa'idar nan ta bazawari mai biya ba ta mutu ba, riga ta sake: da mai neman aure ne, yanzu suruki ne.

Wannan dabi'a ta magance talaucin bazawara da wani auren ba a littafi kaɗai take ba. A watan Janairu na 2009 Hajiya Altine Abdullahi, shugabar wata ƙungiya ta zawarawa da marayu, ta shirya fitowar zawarawa a titunan Kano don a ji kukansu, Hukumar Hisba ta hana. A 2012 gwamnatin jihar, ta hannun Hisbar, ta fara aurar da zawarawa a taro, tana ɗaukar nauyin sadaki da kayan ɗaki da ɗan jari. Ba na raina wannan taimako, mata da yawa sun amfana. Ina nuni ne kawai da cewa hankalin da ya mayar da Rabi ɗakin Alhaji Abdu shi ne hankalin jama'a, marubuciyar ba ta ƙago shi ba.

Masu nazari sun rabu a kan wannan ƙarshe. Wasu na ganin marubuciyar ta ja da baya ne don kada a ce ta goyi bayan zaman mace ba aure, wasu na ganin ta nuna rinjayen Rabi ne, tun da ta koma tana da sana'a shi kuwa ba shi da komai. Ni ban ga rinjaye ba, kuma ban ji labarin yana guɗa a wurin ba. Macen da aka kora da baki tara ta ciyar, an dawo mata da na goma.

Akwai ma wata ƙa'ida ta fiƙihu da ta sa wannan kome ya fi yadda ake zato nauyi. Haƙƙin nan da muka ambata, na mace ta nemi alƙali ya raba aure saboda rashin ciyarwa, Halilu ya yi masa togiya: ba ta da shi in tun lokacin ɗaurin aure ta san mijin matalauci ne ta yarda da shi a haka. A zamanta na farko Rabi tana da wannan ƙara a hannu, ba ta da halin kai ta. Yanzu da take da kuɗin mota da na sammaci da ɗakin kwana, ta koma wa mutumin da duk Kano ta san gobara ta cinye shi, saboda haka ko gobe ya kwana bai ajiye mata ko kwabo ba, ba ta da abin da za ta faɗa wa alƙali a kan ciyarwa.